Rajistar Aji Uku

Ran Laraba suka dira Gwammaja,
muna tsaka da jarrabawar lissafi.
Takardar sanarwa ta iso ran Alhamis,
ihu bayan hari.

Malam Sabi'u, yana kaɗe alli daga hannun riga:
"Allurar ba ta da laifi.
Ni na riƙe Nazifi da zai tsallake taga.
Amma wa ya tambaye mu?"

Malama Uwani shiru.
Ta lura mai ɗauke da akwatin ƙanƙara
ko karyawa ba ta yi ba,
ta tura mata rabin ƙosanta.

Da aka tashi ta buɗe rajista:
sha ɗaya ba su zo ba.
Ta san wanda uwarsa ke tsoro,
ta san mai jiran shagon uba a 'Yankura.

Sun ƙirga yatsu masu tawada, sun tafi.
Mu za a tare gobe a bakin ƙofa:
"Malam, me aka yi wa ɗana?"

Mai ɗaki ya san inda yake yoyo.
Da sun zauna sun sha ruwa da mu,
da sha ɗayan nan ma an same su.