Hannu Nawa a Kwano

A Samaru aka ba ni takarda mai gida-gida,
da sikeli, da igiyar awo, da kofi uku na roba,
ƙarami, madaidaici, babba.
Aka ce: je ki Gyallesu, ki gangara Tudun Jukun,
ki tambayi 'yan sha uku zuwa sha tara
abin da ya bi maƙogwaronsu tun jiya war haka.

Na kafa benci a gindin dalbejiya, bayan aji.

Sallau ya fara zuwa, dogo kamar gora,
wandonsa ya gudu ya bar idon sawu.
Da safe koko. Na ce, da ƙosai?
Ya yi dariya: ƙosai ai sai Juma'a, Anti.
Da rana awara uku, yaji ya fi ta yawa.
Da dare fate, ya faɗa yana buga ƙirji,
in Bazazzagi bai sha fate ba, wa zai sha?
Na rubuta tsaki, na rubuta rama da yakuwa,
na tambayi gyaɗa, ya ce jiya dai ba a sa ba.

Marwanatu ta ce kaza.
Ta ce ƙwai biyu, da madara, da ayaba a kai,
tana faɗa tana kallon takalminta.
Ƙawarta ta toshe baki da gefen hijabi.
Da na ja fatar idonta ƙasa
sai na ga fari fat, kamar takardar hannuna.
Na rubuta kazar, haka aka koya mini,
amma na ɗiga ɗan ɗigo a gefe
wanda ni kaɗai na san fassararsa.

Rifkatu daga Wusasa take zuwa,
gidansu tukunya ba ta hutawa.
Ita ce dai ta ɗaura yaƙi da cokali
saboda wasu 'yan mata da ke cikin wayarta.
Ruwan ɗumi da lemon tsami, biskit biyu, shi ke nan.
Ta hau sikeli ta runtse ido
kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Mujittafa kuwa, ɗan mai kanti a Sabon Gari,
indomi da safe, indomi da dare,
lemon kwalba uku a tsakani.
Zogale? Ya yatsina fuska: abincin tsofaffi.

Sai Gambo, na ƙarshe, ana shirin tashi.
Na jera masa kofunan nan uku:
tuwon da ka ci daren jiya,
ya kai wannan, ko wannan, ko wannan?
Ya ɗauki babban, ya leƙa cikinsa, ya ajiye.
Ya ɗauki ƙaramin, ya juya shi.
Ya ce, Anti, mu bakwai ne a kwano.
Ba a aunawa, sauri ake yi.
Ni dai nakan janye hannu da wuri
don autanmu sanyin hannu gare shi,
kafin ya busa loma ɗaya an kai gindin kwano.

Na duba takardata daga sama har ƙasa.
Akwai gidan mai, akwai gidan gishiri,
akwai gidan nama, ko da tsoka ɗaya ce.
Babu gidan hannu nawa.
Babu gidan wa ya janye, don wa.

La'asar sakaliya muka tsaya cak a Kwangila,
hayaƙin tireloli, ƙamshin masara a kan garwashi,
takardu arba'in da biyu a kan cinyata.
Gobe na'ura za ta haɗiye su
ta amayo kashi kaza cikin ɗari:
masu ƙarancin jini, masu ƙarancin tsayi,
Malam ya gyara tabarau ya ce aiki ya yi kyau.
Gambo zai zama lamba talatin da tara.

Da dare na zuba shinkafa da wake a ɗakina,
faranti ɗaya, cokali ɗaya, ba mai jira.
Ban kai rabi ba na ga na ajiye cokali,
na tura farantin gefe kaɗan,
ban san wa nake bar wa ba.