Gwabar Baba

Tun da haƙoran Baba suka yi masa sallama
sai dai ya kalli gwabar ta taga,
ita da ya dasa shekarar da aka rufe masaƙa.

Na sayo garin jeli a kasuwar Kakuri.
Ran farko ɗanyar abarba na matse,
ta kwana a firji, ta tashi tsululu.
Barira ta leƙo ta katanga tana dariya:
"Abarba ba ta jin magana sai ta ji wuta."

Yau gwaba na tsinko, masu jan ciki.
Na dafa har suka saki jiki,
na murje a rariya da bayan ludayi,
'ya'yan suka tsaya kamar tsakuwar shinkafa.
Sukari cokali uku, lemon tsami ɓari guda,
garin ya kumbura a kofin shayi, na juye.
Ba ni da mazubin 'yan gayu,
gwangwanayen madara huɗu na wanke.

Ƙarfe biyu aka ɗauke wuta.
Na jera su a baho da ƙanƙarar maƙwabta,
na rufe da buhu, na ce ba zan leƙa ba.
Na leƙa sau biyar.

Bayan la'asar na kifa ɗaya a faranti.
Ya yi gardama, sannan ya sulluɓo
yana rawa kamar gada in tirela ta hau.

Baba ya ɗiba, ya lumshe ido, ya daɗe.
Ya ce, "Gwabata ce.
Wa ya koya mata ladabi?"
Sai ya turo farantin da yatsa,
idonsa na kan gwangwani na biyu.