Ƙafar Mai Gyaran Takalma

Shekara ashirin da biyu a gindin gadar Obalande
ina ɗinke wa mutanen Ikko tafiyarsu.
Basilla, zare, gwangwanin gam, 'yar guduma.
Ba takalmin da ya taɓa fin ƙarfina
sai nawa.

Babban yatsa ya yi fushi da hanya,
ya karkace, ya haye kan ƙanensa,
ƙashin gefe ya tunkuɗo kamar goro a kumatun tsoho.
Na yanka fatar takalmi na buɗe masa taga,
ya leƙo, bai ce an gode ba.
Man zafi ya gaji. Ruwan gishiri ya gaji.
Hawa danfo ya zama kokawa,
kowa ya taka ni sai na tuna kakata,
don a wurinta na gaji wannan tudu.

A Igbobi likita ta ɗaga hoton ƙashi ga fitila.
Ta ce, "Malam Tanimu, zaɓi ya rage gare ka.
Ko mu tsaga ƙashin mu tura shi kan layi,
mu kama shi da ƙusa biyu.
Ko mu shiga ta 'yar ƙofa kamar ƙwayar wake,
tabon kaɗan, kuɗin da nauyi.
In gaɓar baya ce ta saki,
sai mu manne ta, ta daina rawa har abada."
Na ce, a aske tudun kawai mana.
Ta ce, "Ciyawa ce, ruwa ɗaya za ta dawo."

Sai dariya ta kama ni:
yanka, daidaitawa, buga ƙusa, mannewa,
ashe sana'armu ɗaya,
farar riga kawai ta fi ni.

Mako shida ba taka ƙasa.
Mai gidan haya a Agege bai san ƙashi ba,
ƙarshen wata ya sani.
Jatau zai riƙe mini benci,
yaron da har yau ɗinkinsa ke tafiyar maciji.
Na lissafa, na sake lissafawa,
yatsan yana zugi yana sa baki.

Na dangwala hannu a takarda.
Ta miƙe za ta fita, idona ya sauka ƙasa
kamar yadda ya saba.
Na ce, likita, dunduniyar hagunki ta cinye.
Ki kawo kafin Talata,
tun ina iya tsugunawa.