Na'ura Ba Ta San Gemu Ba

Sito bakwai Alhaji Mati ke da su a Maradi,
aya da wake da fatar jar akuya.
Katanga ta fi mutum biyu tsawo,
Baba Nomau a bakin ƙofa da gora da tocila,
shekara ashirin ko allura ba ta ɓace ba.

Ran wata Talata jika dubu tara suka fita,
ƙofa a kulle, Baba Nomau ido biyu.
Da kalmar sirrin Sahabi mai lissafi aka shigo,
shi kuwa yana Tibiri wurin suna, hannu cikin tuwo.
Rezo ya ga sunan ɗan gida, ya ce bisimilla,
ya buɗe ɗaki, ya buɗe ƙurya,
har akwatin ƙarƙashin gado.

Sai aka kira ni, Barira ƴar Mokoyo.
Na ce, Alhaji, katanga ka gina, ciki fili ne fetal,
wanda ya haura sau ɗaya ya gaje gidan.
Kuma ina katangar take yau?
Direba na aiko takarda daga Ɗan Isa ta waya,
ɗanka na duba lissafi daga Kwatano.

Na yi wa kowane ɗaki ƙofarsa.
Mai awo ya ga awo, iyakarsa ke nan,
mai albashi ba ruwansa da kuɗin fata.
Kowace ƙofa da tambayarta:
wane ne kai, da wace na'ura ka zo,
me kake nema ƙarfe biyu na dare?
Amsar hantsi ba ta kai mutum la'asar,
sai ya sake.

Kwana uku, Alhaji ya buga tebur.
"Ni da na saye ta da kuɗina,
ni za ta ce in kawo lamba daga waya?"
Na ce, ranka ya daɗe, ba ta san gemu ba.
Wanda ya cuce ka da sunan Sahabi ya zo,
gobe da naka zai zo.
Ya yi shiru, ya lalubo tabarau,
ya danna lamba shida da ɗan yatsa guda.

Sahabi ne ke ba ni tausai.
Wata biyu ana kallonsa a kaikaice,
ya daina zama cin fura da mutane.
Jiya ya tsaya bakin birona ya ce,
"Da ta yi tambaya ran nan,
da ba a tambaye ni ba."

Ni ma da safe sai ta tare ni,
ni da na koya mata rashin kunyar.
Ba na jin haushi.
Da yamma mai nono na ba ni bashi ba takarda,
in bar wa maƙwabciya makullin ɗakina in tafi Madarunfa.
Yarda kayan mutane ce, tana da nauyi.
Na sauke ta daga kan waya da ƙarfe
don kada a sake ɗora wa Sahabi.