Tagwayen Faifai

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
ɗakina ɗan tsurut ne, fanka ɗaya, kwamfuta ɗaya,
amma gumin manomi ɗari huɗu na kwance a cikinta:
wanda ya auna, wanda ya ci bashin mai,
wanda ya ce a bari sai kaka.

Babikir da ya haɗa ta, faifai biyu ya sa.
Ya ce, tagwaye ne,
abin da Hasan ya ji, Husaini ya haddace.
Haka kuwa. Wata Talata wuta ta dawo da hauka,
ɗaya ya yi ƙaras-ƙaras kamar mai tauna tsakuwa,
ya yi shiru.
Ɗan'uwansa ko gezau.
Ranar na saya wa 'yan dako shayi.

Abin da bai faɗa mini ba:
tagwayen nan ba sa musu da juna.
Daren da gyangyaɗi ya ja mini yatsa
na goge lissafin Kaltume Gambo, damina uku,
Hasan ya goge,
Husaini ya ce amin.

Da safe ta zo da jikanta.
Na yi ta kame-kame, bakina ya bushe.
Ta kwance bakin zane, ta fito da takarda ninki takwas,
ga buhunanta nan, zane-zanen biro, ba wanda ya ɓace.
Ta ce, irina ma uku nake raba shi:
na rumbu, na tulu,
da wanda ke wurin 'yata a Doka,
don gara ba ta san hanyar Doka ba.

Yanzu duk Alhamis, kafin la'asar,
nakan juye komai a faifai na uku,
in naɗe shi a tsumma, in sa a gwangwanin madara,
in tsallaka kwari zuwa gidan kawuna Tukur.
In ajiye sabo, in ɗauko tsoho.
Wani kwafin na bi ta waya har Fatsudan,
in layi ya ga dama.

Farkon wata kuma sai in buɗe ajiyar in gwada,
don tulun da ba a leƙawa
ba a san ranar da ya tsage ba.
Sunanta nake fara nema.
Buhu goma sha tara da rabi.
Sannan in kashe fanka.