Wankin Ƙwaƙwalwa

Sau uku yau tana sumewa a hannuna,
fuska ta yi shuɗi, ta ƙame,
ga jarrabawar 'yan aji shida ban gama bugawa ba.

Barau na Kasuwar Barci ya kara kunnensa a jikinta,
ya ce, "Malama Lantana, faci ya ƙare.
Sai an wanke ta tas, a zuba sabuwar manhaja."

Muka kwashe na kwashewa a filashi.
Hoton Baba a ƙofar masaƙar Kakuri,
sau biyu na sa ya duba.

Janareto na tari, hadari na haɗowa ta Rigasa.
Kashi sittin.
Sittin da ɗaya.

Da la'asar ta farka garau.
Shekara bakwai muna tare,
wai in rubuta mata sunana.