Tsakuwa Mai Numfashi

Shekara talatin ina ban-ruwa a Jiratawa,
ƙafa cikin laka tun kafin kiran assalatu.
Zogale, albasa, tattasai, duk a hannuna suka sha.
Karatuna bai wuce layi ɗaya ba:
in abu na da rai, a ba shi ruwa.

Sai ga Tsahiru ya sauko daga babbar mota,
gajiyar hanyar Kwatano cike da idonsa,
ya miƙo mini gwangwanin madara.
Ciki yashi, bisa yashin tsakuwa biyu.
Na ce, "Ɗan nan, Maradi ta rasa duwatsu ne?"
Ya ce, "Baba, taɓa."
Na taɓa.
Laushi kamar fatar idon mai barci,
kowace da tsaga a tsakiya
irin ta kofaton ɗan akuya.

Ya ce kar in shayar sai na ga ta yanƙwane.
Kunne ya ji, hannu bai ji ba.
Duk sanda na gama alwala
sai in karkata bakin buta, ɗis, ɗis, don tausayi.
Kwana tara ɗayar ta kumbura,
ta narke kamar tumatirin ƙasan kwando.
Ban taɓa kashe shuka da ƙishirwa ba.
Wannan da alheri na kashe ta.

Barira na tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba,
ta ce, "Haka ka yi wa yaran."
Na tsaya da buta a hannu.
Rariya ta ci gaba da magana.

Ta biyun na sake mata gida:
kasko na huda da ƙusa wuri biyar,
yashin gulbi mai gautsi, na wanke, na shanya,
ɗan garin gawayi, taki ko ƙwaya babu.
Hantsi nata ne.
Kafin azahar in ja ta ƙarƙashin dogonyaro,
don ranar garin nan ko dutsen gaske tana gasawa.

Da damina ta sauka,
hadari ya haɗo ta wajen gabas,
mata na kwashe shanya, yara na tara bokiti,
ni ina gudu da kasko a ƙirji.
Ɗan Jimma ya leƙo ta katanga
ya yi dariya har hularsa ta faɗi:
manomi na ɓoye shuka kar ruwan sama ya gan ta!

Baƙi sukan zo su duba, su ce ina shukar?
Kazar Barira ce kaɗai ba ta ruɗu ba.
Sara ɗaya ta kai mata.
Tabon na nan.

Bayan an ɗaure dammunan hatsi,
wata la'asar, daga cikin tsagar nan,
fure ya fito, rawaya, ya fi uwarsa faɗi.
Da magariba ya rufe.
Kwana biyar yana haka, ban je fada hira ba.

Yanzu kuma ta dare biyu,
wata sabuwa na leƙowa daga ciki.
Tsohuwar fata tana motsewa kullum,
sabuwar ce ke shanye ta.
Tsahiru ya ce wannan lokacin
ko ɗigo ɗaya cuta ne:
a bar ta ta ci abin da aka tara mata.
Na dubi bayan hannuna,
na daɗe ina dubawa.

Jiya ya kira daga wata tasha mai hayaniya.
Tambayoyi sun cika mini baki:
ka ci abinci, yaushe za ka dawo,
wa ke tuƙi in barci ya kama ka?
Na haɗiye su.
Na ce, "Tana nan. Ban ba ta ba."
Ya yi shiru, sannan ya yi dariya,
muka kai har kuɗin wayarsa suka ƙare.